Injiniya Zai Zaɓar wa Inna Waya

Duk unguwar nan babu wanda ya san cikin waya kamar Injiniya. Shi ya faɗa da bakinsa, to wa zai ja? Gaskiya ne aikinsa riƙon makullan sito ne a wata ma'aikata, kuma bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba. Amma ya taɓa buɗe bayan wata waya ya hura mata iska ta tashi. Tun daga ranar sunan ya bi shi, shi kuma bai ce a daina ba. Biro uku ne a aljihun gabansa, ɗaya kawai ke rubutu.

Ana nan sai wayar mahaifiyarsa, Inna, ta faɗa bokitin wanki ta mutu murus. Ga autarta da tsohon ciki a wani gari mai nisa, cikin fari, haihuwa yau ko gobe. Hankalin Inna ya tashi, ko abincin kirki ba ta iya ci. Buƙatarta ɗaya ce: 'yar ƙaramar waya mai maɓalli, in ta yi ƙara ta ji, ta danna, ta ji muryar 'yarta.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," in ji Injiniya yana gyara zaman tabarau. "Sayen waya ba sayen tsintsiya ba ne. Sai an yi nazari."

Nazari kuwa ya sha. Gwanin namu ya samo ƙatuwar takarda, ya ja layuka da rula, ya jera wayoyi bakwai. Wannan batirinta kwana biyar, waccan kwana takwas amma fitilarta ba ta haska ko tafin hannu. Wannan tana cin layi biyu, waccan uku. Wata tana da rediyo, sai dai ba ta magana sai an soka mata abin kunne. Wata kuma har da kyamara, irin wadda in ta ɗauke ka ko kai ba za ka gane kanka ba. Ya sauke kalandar falo ya manna takardar a wurin.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ita fa Inna layi ɗaya gare ta."

"Yau ke nan. Gobe fa? Mu masana gaba muke hange."

Masu shagunan waya su ma sun ga ilimi. Ranar farko har kujera suka ba shi. Ya auna kowace waya a tafin hannu, ya cire batiri ya shinshina. Ya sa aka rufe ƙofar shago da tsakar rana don ya gwada fitila, masu saye suna waje suna jira. Ya yi sa'a guda yana muhawara kan wadda ke ajiye suna ɗari biyar da mai ajiye dubu, alhali mutum huɗu Inna ke kira a duniya. Zuwa rana ta biyar, da sun hango tabaransa sai kowa ya tuna yana da shara a bayan kanta.

Kullum ya dawo, Inna na zaune a bakin ƙofarta. "Ɗan nan, wayar fa?"

"An shiga zagaye na biyu, Inna. Uku sun faɗi."

Sai ta haɗa tagumi. Ni dai wallahi tausayin tsohuwar nan ya kama ni, har na fara jin haushin rular.

Rana ta goma sha biyu aka yi gwajin ƙarshe, saura waya biyu. Injiniya ya cire layinsa ya sa a ta farko, ya shiga lungun shago, ya durƙusa ƙarƙashin kanta don ya ga ƙarfin kama sabis. Ya cire ya sa a ta biyu, ya sake durƙusawa. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya ce ya yanke hukunci. Mai shago ya jawo leda da murna.

"A'a, ba yau ba. Sai na gabatar wa iyali da sakamako."

Da la'asar ya tara gida a falo, ya tsaya gaban takardarsa da rula a hannu, ya yi gyaran murya. "Bayan dogon bincike, da la'akari da batiri, da fitila, da nauyi…"

Sai wata ƙara ta tashi kamar ƙararrawar makaranta. Daga gefen zanin Inna ta fito. Tsohuwa ta kwance ƙulli, ta zaro wata waya mai manyan maɓallai, ta danna kore ba tare da ta ko duba ba. Ta saurara, sai ga hawaye.

"Auta ta sauka lafiya! Mace ce! Alhamdu lillahi!"

Falo ya kaure da murna, an manta da mai jawabi. Da ƙyar ya sami bakin tambayar inda wannan abu ya fito.

Matarsa ta ce, "Ni na saya da safe a hanyar kasuwa, na sa mata tsohon layinta. Cewa na yi a ba ni mai manyan maɓallai da ƙara."

"Wace iri ce? Batirinta kwana nawa?"

"Baƙa ce."

Inna ta share ido, ta miƙa wa surukarta wayar ta yi wa Auta barka, sannan ta juyo.

"Ɗan nan, mijin Auta ya ce tun azahar yake neman ka don ka faɗa mini an tafi asibiti. Sau tara ya kira, wani mai shago ke ɗauka. Wai ka bar layinka a cikin wayarsa. Mai shagon ya ce don girman Allah a zo a karɓa, amma a aiko wani."