Kwalbar Mushe Ta Fara Magana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da fitsarina ya ƙaryata ni gaban ƴan lakwal arba'in ba. Kuma tun yanzu in faɗa muku, ban zo neman tausayi ba.

Ina koyar da kimiyya a wata lakwal, wato makaranta, ta Goudel, jifa ɗaya daga kogi, inda yara ke ce mini Mushe, wato malam. Duk unguwar an san ni da wa'azi guda: kada ku shiga ruwan nan! Na zana musu katantanwa a allo har alli ya ƙare, na bayyana yadda tsutsar tsargiya ke fitowa daga cikinta ta huda fatar mutum, har ya riƙa fitsarin jini. Wanda na gani da jiƙaƙƙen wando kuwa, ya shiga uku.

Sai dai ina da akwatin gilashi a aji, da ƴan kifaye shida da nake ji da su kamar ƴaƴana. Ba sa son garin kanti, sai ƙananan ƙwarin ruwa masu rai. To ina ake samun su? Bakin kogi, cikin ciyawa, daidai mazaunin katantanwa. Kowace safiya sai in naɗe wando in shiga da rariya. (Minti biyar ne fa. Na ɗauka tsutsa ma tana ganin girman difloma.) Da na fara ganin ɗan ja a ƙarshen fitsari, na ce zoɓo ne.

Rannan ma'aikatan lafiya suka zo gwaji, shugabarsu Madam Rahila, ƴar garinmu Dogondoutchi, ƙawar uwata tun a coci. Aka raba kwalabe, yara suka ƙi tashi. Kunya. Na san rabinsu na ɗauke da cutar, in motar ma'aikatan ta tafi kuma sai baɗi. Sai na bugi ƙirji.

"Ku ba ni kwalba! Ni zan fara, ku ga yadda fitsarin mai jin magana yake."

Na dawo ina taƙama. Madam Rahila ta tsoma ƴar takardar gwaji, wadda ke juyewa kore in akwai jini. Ta juye. Ba kore mai kunya ba, kore shar kamar lambun salati.

Ta sauke tabarau ta ce a hankali, "Ɗana, yaushe rabonka da kogi?"

Ina neman ƙarya, sai Hamsatu, wadda babanta ke da lambu a bakin ruwa, ta ɗaga hannu da ladabi.

"Yau da safe ne, Madam. Kullum muna ganin Mushe. Baba ya ce mu yi shiru, wai ƙila masu ilimi cutar ba ta kama su."

Ajin ya fashe. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ashe wata da watanni ina wa'azi, su kuma suna kallon ƙwaurina.

Amma guduwa? Allah ya kiyaye. Na je na tsaya jikin sandar da ake auna tsayin yara don sanin yawan magani, na ce a auna ni. Ƙwaya huɗu, manya, masu ɗaci. Na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya ina kallon idon kowa.

"Kun yi dariya? Madalla. Ta kama mai difloma, ku wa kuka fi? Ku tashi!"

Suka tashi, suna dariya, amma kowa da kwalbarsa. Babu wanda ya rage a zaune.

Kafin magariba labari ya kai wa uwata Dogondoutchi. Har yau a Goudel "Mushe Zoɓo" ake ce mini, ina kuma amsawa da ƙarfi. Kifayena sun koyi cin garin kanti, ko sun so ko sun ƙi.

Abin da na koya? Shekara uku ina zana katantanwa, ba wanda ya saurara. Darasin da ya shiga kansu shi ne wanda na kawo a kwalba.