Ranar da Ɗelu Ta Yi wa Duniyoyi Jere

"…lafiya lau, sai zafi. Ya mutanen Gabi? Har yanzu suna haƙuri da kai?"

"Suna gaishe ki, amarya. Sun ce in dubo ko kina nan, ko su fara shirin zuwa ta'aziyya."

"Ka ce masu sai na ga furfurarka tukuna. Janye wannan gwangwanin da kake kira keke, kada ya kayar mani da danga."

Tsohuwa Ɗelu ke nan da jikanta Lawali, a inuwar dogon yaron da ke tsakar gidanta a Madarumfa. Lawali sabon mushe ne, wato malamin boko, a lakwal ɗin Gabi, makarantar garin, yana cikin shekararsa ta gwaji, gemunsa ma bai gama shawarar fitowa ba. Jibi mai duba malamai zai zo daga Maraɗi, ya zauna a bayan aji ya ga koyarwarsa. In ya gamsu a tabbatar da shi, in bai gamsu ba a ce ya koma gida ya riƙe hauya. Darasin da aka ɗora masa kuwa na rana ne da duniyoyin da ke kewaya ta, ga ajin nasa rumfar zana ce, ko hoto ɗaya babu. Shi ya sa tun kafin azumi ya kawo wa kakarsa farin yadi da zanen da ya kwafo daga littafin darekta, shugaban makarantarsu, ya roƙe ta ta fitar masa da shi da zare, tunda a surfanin hula da rigar matashi duk unguwar babu mai kama ƙafarta.

Ɗelu ta shiga ɗaki ta fito da yadin a naɗe, tana tafe tana rangaji kamar wadda ta ciwo gasa. Ta warware shi bisa tabarma. Rana ta sha jan zare da rawaya har tana neman ƙona ido, taurari sun watsu kamar an sheƙa gero. Ta koma gefe ta gyara ɗaurin kallabi tana jiran yabo.

Lawali ya durƙusa yana bin duniyoyin da yatsa.

"Kaka."

"Yau kuma Kaka na koma? Ina amarya ta tafi?"

"Me ya kawo wannan ƙaton kusa da rana?"

"Ina kake so ya zauna? Babba ne."

"Jufita ke nan! Shi ne na biyar!"

"Na biyar a gidan wa? Ni da na duba takardar nan taka, na ce wayyo, yaron nan bai taɓa shiga ɗakin mace mai tsari ba. 'Yan ƙanana a gaba, ƙattai a tsakiya, wani ɗan mitsitsi can baya kamar an kore shi daga gari. Ka ce akuya ce ta faɗa ɗakin amarya. Sai na taimake ka na yi masu jere."

Ta nuna ƙofar ɗakinta da haɓa. Daga nan ana hango kwanukanta a jikin bango, babba na bin babba, ƙarami na bin ƙarami, babu wanda ya tsallake sa'ansa. Haka ta yi wa duniyoyin, tsaf, daga ƙaton har ɗan autansu.

"Jere! Sararin samaniya kika yi wa jere?"

"To wata ta yi kafin ni? Ai ka ga an bar wurin ba mai kula."

"Allah ne fa ya shirya su haka!"

"Kada ka sa ni saɓo da la'asar ɗin nan. Allah ya shirya nasa. Na takarda kai ka shirya da bik ɗin rubutunka, kuma na san hannunka. Kai da takalmanka ma ba su taɓa kwana wuri ɗaya ba."

"Ke da ko Niamey ba ki taɓa zuwa ba, ke ce za ki gyara sama?"

"Kai ka je saman? Bishiyar mangwaron Ɗanjuma ka hau kana yaro, sai da aka kawo tsani aka sauko da kai kana kiran uwarka."

"Tsaya, tsaya. Wata kuma me yake yi a nan? Kusa da duniyarmu na sa shi. Kin ɗauke shi kin manna wa Zara."

"In raba mata da mijinta don mutumin Maraɗi zai zo? Kowa ya san Zara matar wata ce. Ni ba a kashe aure da allurata."

"Wannan mai zoben fa, kin kawo shi na biyu."

"Ɗan kokawar? Ka ga ɗamararsa kuwa? Wannan in ka tura shi baya, kai za ka je ka gaya masa."

"Kuma duniyarmu kin cika mata shuɗi a gefe guda."

"Tafkinmu ne."

"Teku ya kamata ya zama!"

"Ka taɓa cin kifin tekun? To. Ni ma ban yarda wannan ƙwallon goribar ita ce duniya ba, da ni da kasuwa da gonakin Safo duk a ciki, amma na yi shiru don kada a ce tsohuwa ta cika magana."

"Shirunki ke nan? Allah ya tsare mu da ranar da za ki yi magana. Kwance shi za ki yi, tsohuwa."

"Kwance me? Ɗinkin hula na yi masa, allura kan allura. Ka ja zare ɗaya, yadin ya koma rariya. Sabo kuwa, sai ka dawo bayan babbar salla."

Lawali ya koma kan turmi ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu yana kallon ƙasa.

"In na rataya wannan, zai ce ban san abin da nake koyarwa ba. In na je hannu biyu, in yi ta zana iska da yatsa gaban yara. Shi ke nan, Kaka."

Ɗelu ta saci kallonsa. Zagi ta iya ramawa har gobe, amma wannan muryar ba ta wasa ba ce, kuma ita ta janyo. Sai dai tsohuwa irin Ɗelu ba ta ba jika haƙuri da baki, ai sai garin ya ji. Ta kwance bakin zanenta ta zaro reza.

"Riƙe mani nan, mijin banza."

Kafin ya gane, ta kafa rezar a gefen Jufita ta fara kewaya shi.

"Innalillahi! Kaka, me kike yi? Ɓata shi za ki ƙarasa?"

"Rufe mani baki, kada ka sa in yanke masa kunne."

Ta ciro ƙaton ɗungurungum kamar waina daga tanda, ta ɗora masa a tafin hannu. Ta bi ɗan kokawa, ta bi Zara, ta bi rana. Da ta gama ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da wani baƙin zane na rini, mai sheƙi, yana ƙamshin jimawa a ajiye. Ta shimfiɗa shi, sai ga dare sosai bisa tabarma.

Lawali ya miƙe tsaye.

"Wannan ba shi ne na aurenki ba?"

"Na auren kirki, wanda kakanka ya kawo. Kai me ka taɓa kawo mani ban da ƙurar Gabi? Ɗauki abinka ka watsa su yadda kake so, in bi su da allura in kafe. Taurari kuwa ƙullin farin zare ne, gobe war haka sun fito."

Ya shiga ajiye su, ƙanana a gaba, ƙattai a tsakiya, ɗan mitsitsin can ƙurya. Ɗelu ta zura zare tana kallo tana girgiza kai kamar mai ganin ɓarna. Da ya zo kan wata, ya ɗago ya dube ta.

"In ɗauke shi?"

"Ɗauke. Alhakin auren a wuyanka."

"Ke nan kin yarda na fi ki sanin sama, amarya?"

Dariya ta ƙwace mata har allurar ta faɗi.

"Na yarda, ka ci, ja'iri. Amma in mutumin Maraɗin nan ya tambayi wadda ta yi wannan hargitsin, kada ka kuskura ka ambaci sunana. Ina da mutunci a garin nan."