Ranar da Kuloci Ya Kai Ni Gaban Manya

Jama'a, ku taya ni murna, na shiga sahun manya. Ba zaɓe na ci ba, ba kuma wani ya sa baki aka ba ni muƙami ba. Kulocin kekena mai inji ne ya maƙale.

Kun san sana'ata in ba rubutun nan nake ba: ɗaukar burodi daga gidan gashi in raba wa masu shayi kafin rana ta yi zafi. To, ruwan da aka tafka ranar Lahadi ya shigo mana har tsakar gida, don kwatar da aka yi mana alkawari tun ina da baƙin gashi har yanzu tana cikin jawabi. Keken ya kwana a ruwa har cinya. Da safe na matsa hannun kuloci, na ji shi kamar an zuba masa siminti.

Na leƙa wurin Nowaga bakanike, na tarar da rumfarsa a rufe. Matarsa ta ce an kwashe su a mota, an ba kowa riga mai hoto, sun tafi tafi. Na ce tafin me? Ta ce ita ma ba ta sani ba, shi ma bai sani ba.

Na dawo na durƙusa da kaina. Na duba wayar kulocin, ba ta tsinke ba. Na ɗiga mata mai, shiru. Na kwance murfin gefen inji, sai ga jan ruwa ya tsiyayo, faifan kuloci ya kama ɗan'uwansa da tsatsa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ina cikin ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma sai maƙwabcina Drabo ya leƙo ta katanga. Ɗan ƙabilar Samo ne, abokin wasanmu, bai taɓa ganina cikin wahala ya rasa abin faɗa ba.

"Bawana, me kake wa tsohuwar nan? Ka bar ta ta mutu da mutuncinta mana."

Na ce, "Rufe min baki, ɗan cin kare. In kana da dabara ka kawo."

Ya ce, "Dabara ɗaya ce. In tura ka ta tashi, kai kuma kada ka tsaya sai inda mai ya ƙare."

Matata Tipoko tana tankaɗen gari ta ce, "Baban Wendi, in ka rasa masu shayin nan, ka san wancan mai sabon babur yana jira ya karɓe su. Amma in ka karye, ni ba na jinya."

Na mayar da murfi, Drabo ya tura, inji ya kama. A ƙofar gidan gashi ma ban tsaya ba, zagaye na yi ta yi kamar jakin niƙa har suka ɗora min kwando a guje. Masu shayi biyu na farko na jefa musu nasu ina wucewa, ɗaya ya cafe, ɗaya ya zage ni har da kakata.

Sai na sha kwanar hanyar kasuwa. Me zan gani? Rumfuna, kujeru, makaɗa, mutane cikin riga iri ɗaya, ga jar darduma shimfiɗe a kan kwalbatin nan da ake ta ginawa tun ɗiyata tana rarrafe, yanzu kuwa ita ke yi mana wanki. An ɗaura kirtani mai kala daga wannan gefe zuwa wancan. Tsaye a gabansa ga Mai Girma, Uban Ayyuka, Hasken Talakawa, Allah ya ƙara wa wuyansa kauri, riƙe da almakashin da aka kawo masa a faranti.

Na matsa kuloci, ko gezau. Na matsa birki, ashe shi ma ya sha ruwa, sai kuka yake kamar ɗan akuya. Masu gadi suna ɗaga hannu, ni ina ihu, "Ku kauce! Ba ya tsayawa!" Masu tafi kuwa suka ɗauka shirin ne ya fara, suka ɓarke da tafi. Na hango Nowaga a cikinsu, ya fi kowa ƙwazo.

Da ƙirjina na buɗe kwalbatin nan, jama'a. Kirtani ya naɗe min wuya, na hau darduma kamar ango. Inda dardumar ta ƙare, ashe nan aikin ma ya ƙare, sauran rami ne aka rufa wa asiri. Tayar gaba ta faɗa, na ji ƙas! a cikin inji, hannun kuloci ya saki laƙwas. Abin da guduma ta kasa, aikin Mai Girma ya yi shi nan take. Wa ya ce ba sa mana amfani?

Kafin in tashi, wani ƙato ya riƙe min wuyan riga, wani ya ɗaga kulki. Na ce shi ke nan, keke ya tafi, haƙora ma za su bi shi. Amma masu ɗaukar hoto sun riga sun juyo. Mai Girma ya dubi almakashinsa, ya dube su, sai ya saki murmushi ya buɗe hannuwa.

"Ku sake shi! Wannan shi ne talakan da muka yi aikin dominsa. Ɗan'uwana, yaya ka ji hanyar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sumul take, har inda ta tsaya."

Ya rungume ni, turarensa ya kusa sumar da ni. Ya sanar cewa daga yau na rabu da wahala. Aka gangaro da wani jan babur sabo fil daga bayan mota, aka zaunar da ni a kai, aka miƙa min makulli, aka ce in yi dariya. Na yi har kunne. Ina can ina dariya, 'yan rakiya suna nan suna tattara burodina daga ƙasa, suna kaɗe ƙura, suna turawa da lemon kwalba. Ko gutsure ba su bari ba.

Da aka naɗe darduma, wani mai baƙin tabarau ya matso ya miƙo tafin hannu.

"Tsoho, makullin."

Na ce, "Ba nawa ba ne?"

Ya ce, "Naka ne mana, duk gari sun shaida. Amma ana buƙatarsa gobe a wani gari, akwai buɗe rijiya."

Na tuƙo tsohuwata zuwa gida, taya a karkace, kwando wayam. Masu shayi uku sun koma wa mai sabon babur, kuma ban ga laifinsu ba. Tipoko ta zuba min tuwo, sai da na kai loma ta ce wai a ina zan riƙa ajiye babur ɗin, a ɗaki ko a cikin labaran rediyo? Drabo kuwa yanzu in ya gan ni sai ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, mai buɗe kwalbati."

Saboda haka, mutanen garuruwan da ke gaba, in kuka ga an gangaro da wani jan babur ana ba wani bawan Allah kyauta, ku gaishe min da shi, nawa ne. Ku ce wa mutumin ya zauna a hankali, madubin hagu yana girgiɗi.