Kwat ɗin Jakadan Tsakar Gida

Duniya ba ta san irin sa'ar da ta taka ba da aka haifa mata Jakadan Tsakar Gida. Shekara da shekaru ya yi yana jera kujeru a zauren taron ƙasashe, kuma a cewarsa babu yaƙin da aka taɓa kashewa sai a kan kujerar da shi ya goge. Da ya yi ritaya, ya dawo gidan haya da kwat ɗaya, da tafiyar ƙasaita, da kalmar "ɓangarori".

Sai ga yaƙi har gida. Mai wanki da ke saman bene yana shanya a igiyar baranda, ruwa na ɗiga kan yadin da tela ke ratayewa a ƙofar shagonsa a ƙasa. Tela ya ɗaga kai ya faɗi magana, mai wanki ya leƙo ya mayar. Aka daina gaisawa.

Jakada ya gyara kwala. "Daga yau kada wani ɓangare ya yi wa wani magana kai tsaye. Ta haka ake rasa ƙasashe. Komai ya bi ta hannuna."

Komai kuwa ya bi. Idan tela ya ce, "Kawu, ce masa ya ɗan matsar da igiyar," kafin saƙon ya gama hawa bene ya zama gargaɗi na ƙarshe. Idan mai wanki ya ce, "To, zan duba," sai ya iso ƙasa da zagi biyu a goye. Matakalar gidan ce, Allah ya yi mata baiwar kumbura magana.

Kada a ce son kai ne. Shi "muradun ƙasa" yake kiransa, ƙasar kuwa ita ce kwat ɗin. Don ya ja Jakada gefensa, mai wanki yana wanke ta ya goge kyauta, har da sitaci. Tela ya dasa mata maɓallai masu ƙyalli, yana kuma faɗaɗa ƙugun wandon daidai da ci gaban tattaunawa. Ranar da aka shirya, ranar Jakada zai koma wanki da hannunsa.

"Maigida, yaushe za ka sasanta su?" in ji matarsa.

"Ana samun ci gaba."

Mai gidan haya ne ya ɓata lissafi. Ya ce ko a shirya ko kowa ya kwashe kayansa. Dole Jakada ya kira babban taro a falonsa. Ya aika kwat sama a goge, wando ƙasa a ƙara masa ƙugu, saboda hoto. Shi kuma ya ɗaura tawul a kan singileti ya shiga aikin da ya fi ƙwarewa a kai.

Nan ya gano bala'i: kujera ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo.

"Tarihi ba zai ce wani ɓangare ya kalli wani daga sama a zaurena ba," ya faɗa wa tela da mai wanki ta bayan labule. "Ku jira a benci, kowa ya kalli gabansa."

Ya ɗauko zarto. Ya rage ƙafa ɗaya, kujera ta yi gurgunta. Ya rage sauran, ta fi ɗayar gajarta. Ya koma kan ɗayar.

Bencin kuwa gajere ne, jiran kuma ya yi tsawo.

"Wai ni ka kira ɓarawon sabulu?" in ji mai wanki, yana kallon gabansa.

"Ni? Cewa na yi ka matsar da igiya."

"Igiya kawai, ɗan'uwa?"

Suka hau bene tare. Tela ya riƙe ƙusa, mai wanki ya buga.

Sa'ad da kujerun suka daidaita, sun dawo tsawon gwiwar yaro. Jakada ya leƙo ya nemi kayansa, sai ɓangarorin suka sanar da shi matsayarsu da baki ɗaya: an ƙaƙaba wa ƙasarsa takunkumi. Kwat na rataye a sabuwar igiya, wando na kulle a shago.

"Wannan ya saɓa wa duk wata ƙa'ida. Ina buƙatar ganawa."

"Ba kai tsaye ba, Kawu," in ji tela cikin ladabi. "Ta haka ake rasa ƙasashe. Mun naɗa Inna, matarka, mai shiga tsakani."

Har yanzu Jakada na bayan labule da tawul, a zaune kan guntuwar kujera. Kullum matarsa tana hawa bene ta sauko, zanenta sai sheƙin guga yake, ga sabuwar riga mai maɓallai masu ƙyalli. Idan ya tambaye ta labarin wando, sai ta gyara ɗankwali ta ce:

"Ana samun ci gaba."