Ladi Ta Toshe Hancin Batir

A shekarar 1995 babu mai cajin batir da ya kai Illo a duk faɗin Madarumfa. Babu kuma wani mai cajin batir sai shi.

Wata Juma'a taubashiyarsa Ladi ta kawo batirin da ke tayar mata da rediyo. Mijinta Yahaya ya aiko kaset daga Abijan, direban da ya kawo zai juya bayan la'asar, ita kuwa ba ta saurara ba balle ta ɗauki amsa. Illo ya jona batirin, ya tafi masallaci ya bar ta gadi. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sannu da zama, baiwata. Mi ya sami batirin ga ya yi ciki?"

"Uwar ɗakinka dai. Gyara shi na yi."

"Da mi?"

"Da cingam. Sai da muƙamuƙina ya yi ciwo. Ina zaune ina jin shi yana huci, suu, suu, ƙarhin duk yana zurarewa ta hudojin murhi, sai na toshe su. Ashe haka kake wa mutane, ka zuba ta nan ya hita ta can."

Illo ya kashe injin cajin da sauri.

"Ladi, ba ƙarhi ba ne, iska ce. Sunanta idrojan. In wuta ta ratsa dalmar da ke ciki, ruwan ne ke rabewa, iskar ta taso. Dole a bar mata hanya."

"Idrojan ɗiyar wa? Shekara ukku Kawu yana kai ka lakkwal karatun boko, sunan iska kaɗai ka iyo."

"Ke ma a toshe miki baki daga hantsi zuwa azahar mu gani in ba ki kumbura ba."

"Ni ba a haihi mai toshe ni ba."

"Da na shigo da taba a bakina, da yanzu a can garin Safo ake tsintar ɗankwalinki."

"Da naka kan zai riga shi isa, ya hi shi rashin nauyi."

Illo ya karkata batirin da tsumma. Gefe ɗaya ya tsage, ruwan yana tsiyaya.

"To, likita, marar lahiyarki ya cika."

Ladi ta dubi batirin, ta dubi inuwar katanga.

"Illo, wata bakwai ban ji muryar Yahaya ba."

"Ba ki yi asara ba. Ni na san muryar, kamar ana jan kwano a kan siminti."

"Ɗauko naka."

"Nawa na talabijin ne, gobe akwai bal."

"To daga nan gidanku na nuhwa. In gaya wa Gwaggo ka bar ni da abin kisa, ka tahi neman lada."

Illo ya yi dariya har ya dafa bango. Ya san uwarsa, ba za ta tsaya jin zancen idrojan ba.

"Ɗauka, na ba ki. Amma tohar da wanda ke bakinki tukuna."

Ladi ta ruga gida ta ɗauko rediyon da kaset, nan cikin shagon Illo suka jona. Yahaya ya gai da kowa da suna, har da akuya. Daga ƙarshe ya ce Ladi ta kula masa da batirinsa, kada ta kuskura ta bar Illo ya taɓa shi.

Ladi ta cika kaset gaba da baya da amsa, ta tarar da direba yana ɗaure kaya. Ba ta ambaci batir ba.