Ranar da Na Goga wa Baƙon Malam Hanci

Ko da zan manta komai na zaman da na yi a Madina, ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar ta Alhamis a unguwar Ƙurban. Har yau in na tuna sai na ji gumi yana tsattsafo mini a goshi, ko da kuwa fanka na kaina.

Lokacin ina shekara ta uku a jami'a, farkon shekarun tamanin. Cikin ɗaliban da muka zo tare daga Arewa ni kaɗai na yi boko har sakandare, ni kaɗai ke jin Turanci, kuma wallahi ban bar kowa ya huta da wannan ba. Sani, ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, Bature yake ce mini. (Shi zagi yake nufi. Ni kuwa da fara'a nake amsawa.)

To, akwai Malam Haruna, mutumin Kano, wanda ya daɗe yana koyarwa a Madina. Baƙi masu jin Turanci sukan zo gidansa da tambayoyi, shi kuma daga Hausa sai Larabci, don haka yana neman tafinta. Duk wanda ya samu wannan kujera ya samu ɗakin littattafan Malam, ya kuma samu takardar shaidarsa in zai nemi ci gaba da karatu, abin da nake mafarki ke nan. Malam ya ce zai gwada ni ranar Alhamis. Baƙon, in ji shi, daga can ƙarshen arewacin Kanada yake, ƙasar ƙanƙara. Ya musulunta a hannun wani likita ɗan Pakistan, ya zo Umra, yana son sanin yadda zai yi azumi a garin da rana ke yin watanni ba ta faɗi ba.

Ina jin ƙasar ƙanƙara zuciyata ta yi fari. Ai na san su! A aji huɗu na firamare muna da wani littafin Turawa mai hotuna, a ciki akwai mutanen da aka kira Eskimo. Gidan ƙanƙara, ɗanyen kifi, karnuka masu jan kaya, sannan in za su gaisa sai su goga hanci da hanci. Har bulala na sha a kan wannan darasi, shi ya sa ya zauna.

Na koma ɗaki na zayyana wa Sani shirina. Zan tarbi baƙon da gaisuwar ƙasarsu, Malam ya ga ba Turanci kaɗai na iya ba, duniya ma na san ta.

"Kai Bature," in ji Sani, "mutum Musulmi ne, ka yi mishi sallama kamar kowa, shi ke nan."

Na ce masa bai waye ba. Ba ga Larabawan ƙauye muna gani a kasuwar dabino suna haɗa hanci ba? Na nemi in gwada a kansa, ya ce in na matso zai kira mai kula da ɗakunan kwana. Sai na gwada a kan filo. (E, filo. Har sau biyar.)

Alhamis bayan sallar la'asar muka hallara a majalisin Malam. Mun kai goma sha biyu, har da wasu 'yan Sudan biyu. Sani ke zuba gahawa. Na sa farar jallabiyata da na kai guga musamman, na zauna daman Malam ina ta gyara hula.

Baƙon ya shigo. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da furfura da tabarau, fuskarsa kamar ta Buhariyawan nan, mutanen tsakiyar Asiya, masu sayar da shinkafa kusa da Harami. Zafin Madina ya gama da shi, gumi har ya jiƙa wuyan rigarsa. Idrisu ne sunan da ya ɗauka bayan musulunta. Ya yi sallama tsaf, ba ko gargada, ya miƙo hannu.

Ni kuwa tuni na miƙe kafin Malam ma ya motsa. Na tsallake hannun da aka miƙo, na dafa kafaɗun dattijon nan, na sunkuya (dogo ne ni, sai da na lanƙwasa sosai), na ɗora hancina a kan nasa na goga. Dama, hagu, dama. A gugar ƙarshe goshina ya ture tabaransa, ya rataye a kunne ɗaya.

 Abin da kawai nake ji shi ne gahawa tana zuba a kan darduma, don Sani ya manta cewa finjali ya riga ya cika. Malam Haruna ya ce, "La haula," a hankali, bai ma ƙarasa ba.

Malam Idrisu ya gyara tabaransa, ya ɗaga kai ya dube ni. Kafaɗunsa suka fara rawa. Can sai ya fashe da dariya, har da riƙe ciki, har da hawaye. Da ya samu numfashi ya yi doguwar magana da Turanci, kuma kowace kalma ta shiga kunnena ba tare da wahala ba. A ranar ne na fara baƙin cikin iya Turanci.

"Me ya ce?" in ji Malam.

"Allah ya gafarta Malam, ya ce ya gode."

Malam ya dube ni ta saman tabarau. "Duk maganar nan, ya gode ce kawai? Ɗana, mutumin nan ya taso daga ƙarshen duniya da tambayar addini. In a kan hanci ka rage masa magana, a kan azumi me za ka rage?"

Nan na ga kujerar tana sulalewa, ita da ɗakin littattafan da takardar shaidar gaba ɗaya. Ba yadda na iya. Na fassara.

Ya ce su ba haka suke gaisawa ba, hannu suke ba juna. Ya ce akwai abin da na so in kwaikwaya, amma jarirai ake yi wa: uwa ko kaka ta manna hancinta a kumatun ɗa ta shaƙi ƙamshinsa, don ƙauna. Turawan da suka fara zuwa ne suka hango daga nesa, suka rubuta cewa gaisuwa ce. Ya ce shekarunsa sun haura hamsin, rabon da a yi masa haka tun kakarsa na da rai, kuma ita, Allah ya sani, ba ta taɓa cire masa tabarau ba.

Da bakina na faɗi wannan da Hausa. Majalisi ya kece da dariya. Sai ɗaya daga cikin 'yan Sudan ya ce, "Ya shaikh, mu ba mu fahimta ba." Malam ya nuna ni da carbi. Na sake maimaitawa da Larabci, daga farko har ƙarshe, aka sake sabuwar dariya. Sani kam fita ya yi, ina jiyo shi a tsakar gida yana tari.

Malam Idrisu ya tambaye ni inda na koyo. Na ce a littafin makaranta. Sai ya ce shi ma a makarantar kwana da gwamnati ta kai su suna yara, bayan an raba su da iyayensu, akwai littafi mai hoton mutanen Afirka, kowa da ƙashi soke a hanci. "Yanzu dai," ya ce, "na ga hancin ɗan Afirka kusa da kusa, kuma na shaida ba huda." Wannan ma ni na fassara.

Daga nan ya ce sunansu ba Eskimo ba ne, wasu ne suka laƙaba musu. Su Inuit suke kiran kansu, ma'ana mutane. Ya laluba jakarsa ya fito da wani ɗan faifai mai huda, bai wuce girman kwabo ba, da lamba a jiki. Ya ce ma'aikatan gwamnati sun kasa furta sunayensu, sai suka ba kowa lamba ya rataya a wuya. Da ita aka kira shi a makaranta, da ita aka rubuta shi a asibiti. Yanzu, in ji shi, mutanensa suna neman a bar musu ƙasarsu su tafiyar da ita da harshensu. Faifan ya zaga hannu zuwa hannu, ba wanda ya yi dariya. Da ya iso hannuna sai na ji wata kunyar daban, wadda ta fi ta farkon nauyi.

Sannan aka shiga batun azumi. Malam ya yi bayanin ƙiyasta lokaci da gari mafi kusa da ke da dare da rana, ya kawo abin da wasu malamai suka ce na bin lokacin Makka. Na fassara kalma bayan kalma, in ban gane ba in tsaya in tambaya. Ban taɓa yin aiki da tsoro irin na ranar ba.

Da za mu rabu Malam Idrisu ya miƙo mini hannu, amma sai da ya fara cire tabaransa ya sa a aljihu. Na riƙe hannun da hannu biyu ina ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, zai koma gida ya gaya wa jikokinsa cewa a birnin Manzo an ɗauke shi jariri.

Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a sallame ni sallamar ƙarshe. Malam ya gama sa takalmi, ya ce, "Ka dawo Alhamis mai zuwa. Amma daga yau ba ka gaida baƙo sai na gaishe shi, kuma daga inda kake zaune."

Shekara biyu na yi ina masa tafinta, kuma duk baƙon da ya zo sai Malam ya ce, "Ga tafintana. Ba ya rage magana, sai dai ku yi hattara in ya taso." Ni ne kuma nake juya wannan gargaɗin zuwa Turanci. Tun daga nan, in zan girmama mutum da al'adarsa, sai na fara tambayarsa ko tasa ce.