Yadda Za Ka Yi Zanga-Zanga a Filin Ƙwallo Ba Tare da Ka Rasa Ɗan Kallo Ko Ɗaya Ba

Kai ɗan ƙwallo, matso kusa. Na san abin da ke damunka. Akwai maganar da ke ci maka rai, kana so ka amayar da ita a gaban jama'a kamar yadda ka ga 'yan wasan Amurka suna yi a waya, amma kana tsoron ranar da za ka zura ƙwallo ka waiga ka ga babu mai tafi sai akuyar da ke kiwo a bayan raga. Kwantar da hankalinka. Hanyar da zan koya maka an gwada ta a Bagudo, a kan idona, kuma na ba ka tabbaci idan ka bi ta daki-daki za ka yi zanga-zangarka ka gama, 'yan kallo su ƙaru, manya su sa maka albarka. Wanda ya gwada ta sunansa Sufyan, kyaftin ɗin Taurarin Kende. Yana nan da ransa, kana iya zuwa ka tambaye shi, sai dai ba na jin zai amsa maka.

Mataki na 1: Samo abin da ya ƙona maka rai da gaske

Kada ka fita zanga-zanga a kan an hana ka fenariti. Nemo magana mai nauyi.

Sufyan bai sha wahalar nema ba, har gida maganar ta same shi. Golansu Muktar amininsa ne tun suna buga ƙwallon tsumma ba takalmi. Akwai wani kwalbati a hanyar gonakin Kende da wani Honarabul ya buɗe da kiɗa da yanka zare. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ina da iyali. Ruwan farko na damina ya zo ya tafi da kwalbatin kamar an aike shi, albasar mutane ta ruɓe a gona saboda mota ba ta iya shiga. Muktar kuwa, da yake bakinsa bai san birki ba, ya shiga cikin ramin har ƙugu, ya sa aka ɗauke shi a waya yana cewa, "Jama'a, ga aikin Honarabul nan, ni ne a cikinsa." Bidiyon ya zaga har Kamba. Ba a jima ba aka zo da mota aka tafi da Muktar, aka kulle shi.

Tun daga ranar mahaifiyarsa, Inna Hamsatu, take ɗaukar kwanon tuwo ta hau babur zuwa inda ake tsare da shi, wata rana a karɓa, wata rana a ce ta dawo gobe. Sufyan ne ke kai ta. Duk dawowa yana jin yadda take share hawaye a bayansa da gefen mayafi, shi kuma ya yi kamar iska ce ta hana shi ji. Abu ɗaya yake so a duniya, Muktar ya fito.

Mataki na 2: Kwaikwayi na nesa, kada ka kwaikwayi na kusa

Zanga-zangar gida ba ta da aji. Ta ƙetare ake yayi.

Wata rana a gidan kallo, ana jiran a fara wasan Ingila, mai gidan ya murɗa tasha ya faɗa kan ƙwallon Amurka, wannan da ake rungume ƙwallo mai kama da gwanda a zura a guje, ƙattai sanye da hular kwano suna ture juna. 'Yan kallo suka yi ca, a canza, a canza. Wani malamin makaranta da ke zaune a gaba ya ce su yi hattara da raina mutanen nan. Ya ba su labarin yadda wasunsu suka riƙa durƙusawa a kan gwiwa ɗaya idan ana taken ƙasa, saboda kisan da ake yi wa baƙar fata. Ƙasar ta ɗauki zafi, wasu 'yan kallo suka ƙona rigunan kulob, wasu suka rantse sun daina kallo, aka yi ta gardama ko durƙuson ne ya rage masu kallon wasan ko ba shi ba ne.

Kowa ya saurara ya manta, ban da Sufyan. Gwiwa ɗaya kacal, ƙasa guda ta girgiza! Ya dubi tasa gwiwar, ya ga ai shi ma yana da ita, har biyu.

Mataki na 3: Kada ka yi shawara da tsoho

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin. Tsoho zai lalata maka shiri da tambaya ɗaya, don haka ka guje shi.

Sufyan ya kiyaye. 'Yan kulob ɗinsa kawai ya tara a bayan makarantar firamare ya yi musu bayani. Kowa ya kama kallon sabuwar jesin da ke jikinsa, wadda sunan Honarabul a bayanta ya fi lambar ɗan wasa girma.

"Kyaftin," in ji ɗaya daga cikinsu, "mu dai muna bayanka."

Kuma sun cika alkawari, don ranar da abin ya faru duk suna bayansa, a tsaye ƙyam.

Shi kuwa ya shiga atisaye. A bayan ɗaki yake yi, gwiwar dama a ƙasa, kai a sunkuye, sannan ya ƙara da abin da ya gani a wani hoton, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama. Yana gamawa sai ya kakkaɓe wando, ya shiga zaure ya durƙusa ya gaida mahaifinsa kamar yadda yake yi kullum tun yana yaro. Wallahi ko sau ɗaya bai haɗa abu biyun nan a ransa ba. Kai ma kada ka haɗa, in ka haɗa ka ɓata darasin.

Mataki na 4: Zaɓi ranar da fili ya cika

Wasan ƙarshe na Kofin Honarabul, a Bagudo, Taurarin Kende da 'yan Illo. Mutanen Illo sun zo da 'yan haya daga tsallaken iyaka, dogaye masu jin Faransanci, da aka rubuta musu sunayen Hausa ranar da safe. Fili ya cika har kan katanga, masu rake da masu fura sun kafa kasuwa. A rumfa kuwa ga Honarabul a kujerar tsakiya, babbar riga ta sha sitaci, manyan gari a dama da hagu.

Ka lura da abu ɗaya, domin nan ne ilimin yake. Idan za a yi taken ƙasa a filayenmu, 'yan wasa rumfar manya suke fuskanta.

Mataki na 5: Durƙusa

Lasifika ta yi kakari, take ya fara. Sufyan ya dubi rumfa. Ya tuna Muktar, ya tuna kwanon tuwon Inna da ake dawowa da shi a sanyaye. Ya taka gaba, ya kai gwiwa ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga dunƙulallen hannu. Ya rufe ido yana jiran jifa, ko zagi, ko a zo a ɗauke shi. Ya shirya wa duka ukun, kuma ni da nake kallonsa na san da gaske yake, tsoro ya kama shi amma bai tashi ba.

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Mai sanarwa ya fizgi makirfo tun take bai ƙare ba. "Allahu Akbar! Jama'a ku dubi tarbiyya! Kyaftin na Kende ya faɗi gaisuwa, ga kuma jinjina ga mai gayya! Honarabul, an gaishe ka!"

Fili ya kaure da tafi. Honarabul ya miƙe, ya dunƙule nasa hannun ya mayar da jinjina, yana murmushi har kunne. Wani dattijo a rumfa ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Wanga yaro ɗan wa ne? Allah shi yi mai albarka. Yaran yanzu sai su gaishe ka a tsaye kamar turke." 'Yan kulob ɗin da ke bayansa suka ga abin ya karɓu, sai su ma suka zube, har da mai riƙe da jarkar ruwa. 'Yan Illo suka ga za a bar su a baya wajen ladabi, suka zube su ma. 'Yan hayan tsallake ne kaɗai suka tsaya suna kallon juna.

Sufyan ya buɗe ido ya ga duk fili a durƙushe, ana yi wa mutumin da ya sa aka kulle amininsa jinjina, kuma shi ne limamin abin. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ka gani? Ba wanda ya ƙona riga, ba wanda ya tashi ya tafi. Amurkawa su zo su koya.

Mataki na 6: Ci wasan

Haushi yana da amfani a ƙafa. Sufyan ya buga kamar mahaukaci, ya ci 'yan Illo, Kende ta ɗauki kofi. In ba ka iya cin ƙwallo ba, ka bar zanga-zanga ka koma noman albasa.

Mataki na 7: Idan an miƙa maka makirfo, tuna wanda ke tsare

Wajen ba da kofi Honarabul ya dafa kafaɗarsa, ya ce a gaban kowa, "Yaro, ka burge ni. Faɗi abin da kake so."

Aka danƙa masa makirfo. Maganar tana bakinsa, a shirye: ba gaisuwa na yi ba, ranka ya daɗe, ƙin yarda na nuna, kwalbatinka ya tafi da ruwa, kuma wanda ya faɗi gaskiya yana kulle. Ya ja numfashi. Sai ya ji an riƙe masa gefen jesi ta baya. Inna Hamsatu ce, ta kutsa cikin maza har bakin rumfa, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ita kaɗai a filin nan ta karanci fuskarsa.

"Sufyanu," ta ce a hankali, "na san abin da kaka nufi. Don Allah, don Annabi, bar shi yadda suka ɗauke shi. Ɗana nika so."

Ya dube ta. Ba ta saki rigarsa ba. Ya dubi Honarabul da ke jira yana murmushi. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, kuma bai ga wata hanya ba.

"Allah ya ja zamanin Honarabul," in ji Sufyan, muryarsa tana fita ta lasifika har kasuwa. "Alfarma ɗaya nake roƙo. Golanmu Muktar, yaro ne, ya yi kuskure. A yi masa afuwa."

Honarabul ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. "Don ladabinka, an yafe."

Guɗa ta sake tashi. Ga shawarata ta ƙwararre: gaskiya aba ce mai kyau, amma ka ajiye ta sai ranar da ba ka da kowa a hannun mutane.

Mataki na 8: Karɓi sakamakonka

Kafin mako ya zagayo hoton ya fito a fasta, Sufyan a durƙushe, hannu a sama, Honarabul yana murmushi daga can saman takarda, an rubuta "Matasa Sun Yi Mubaya'a." An manna ta a tasha, a jikin shagunan Illo, har a bayan tirelolin da ke tsallaka iyaka. Wasan Taurari na gaba sai da aka hau bishiya don kallo. Iyaye suna nuna shi ga 'ya'yansu suna cewa su yi koyi. Kwalbatin yana nan yadda ruwa ya bar shi.

Muktar ya fito. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Sufyan ya je gidan da gudu, ya same shi zaune a tabarma, Inna tana ta tura masa kwano.

"Gola! Barka da arziki!"

Muktar bai miƙo hannu ba. "Na ga fasta a hanya, Kyaftin. Ka yi kyau."

"Wallahi ba abin da kake zato ba ne. Irin na Amurka na yi, na..."

"Kullum sai sun zo sun ce in durƙusa in ba Honarabul haƙuri, in kwana gida. Kullum ina ce musu ban yi ƙarya ba, ruwa ya tafi da kwalbatin. Ashe kai kana waje kana durƙusa mini. Har ka ce na yi kuskure." Ya ture kwanon. "Wane kuskure, Sufyan?"

Sufyan ya dubi Inna Hamsatu ko za ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai tana gyara murfin kwano. Ɗanta yana gabanta, da rai, kuma ba ta da niyyar sake buɗe maganar har abada. Ya tashi ya fita, ba wanda ya raka shi ƙofa.

Gargaɗi

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Idan gwiwarka ta goge, ka nemi man zafi. Idan ka ga fuskarka a bayan tirela tana tafiya Kwatano, ka yi mata addu'ar sauka lafiya. Idan kuma abokinka ya koma tsaron ragar 'yan Illo, kamar yadda Muktar ya yi, wannan tsakaninku ne.

Na je wasan Kende da Illo na bara. Fili ya cika maƙil. Da aka jera don gaisawa kafin a take ƙwallo, Sufyan ya bi layi yana ba kowa hannu, har ya iso kan gola. Muktar ya dube shi, ya sauke gwiwa ɗaya ƙasa, ya kama ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Mai sanarwa bai ce komai ba, ba wanda ya yi guɗa. Sufyan ya tsaya da hannu a miƙe har alƙalin wasa ya ce masa ya wuce.

Kada ka zo ka tambaye ni maganin wannan, ban karanta shi ba.